Tauraron Da Bai Wuce Tafin Hannu Ba

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu in an ambaci tauraron ɗan'adam sai mu ɗauka magana ce ta manyan gwamnatoci, watau Amurka da Rasha da Sin. A dā haka abin yake. Amma tun 1961, shekara huɗu kacal bayan Sputnik, wasu masu sha'awar rediyo a Amurka suka haɗa nasu ɗan tauraron, OSCAR 1, aka ɗauke shi a matsayin ɗan rakiya a cikin rokar soja.

Babban canji ya zo a 1999, sa'ad da malaman jami'a biyu a jihar Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, suka tsara abin da ake kira CubeSat. Akwati ne ɗan ƙil, santimita 10 ta kowane ɓangare, nauyinsa wajen kilo ɗaya. Hikimar abin tana cikin daidaita awon. Da yake girman kowa ɗaya ne, sai a jera su cikin mazubi guda a liƙa a jikin rokar da ta riga ta sami babban fasinja, a raba kuɗin mota. Kayan cikinsa kuwa, batir da 'yar kwamfuta da rediyo da faifan hasken rana, dangin waɗanda ke cikin wayoyinmu ne. Na farko sun tashi daga Rasha a 2003. Lalle wanda ya rena gajere bai taka kunama ba.

To, mu fa? Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, amma a Ingila aka ƙera shi. NigComSat-1 daga Sin aka sayo shi a 2007, ya mutu a 2008. Ba mu ce sayen laifi ne ba, sai dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 2017 aka saki Nigeria EduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Akure da GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations ta Koforidua daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ɗalibai ne suka haɗa su, amma a Japan, a Cibiyar Fasaha ta Kyushu. Taurarin sun faɗo sun ƙone a 2019, kamar yadda aka tsara, alhali kuwa hannuwan da suka ƙera su suna nan da iliminsu. Ribar ke nan a ganinmu.

Kada mu ruɗi kanmu, arahar nan tana da iyaka. Gwajin girgiza da na zafi da sanyi, da izinin zangon rediyo, da kuɗin harbawa, duk sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, musamman da darajar naira ta yau. Abin da bai fi ƙarfinmu ba shi ne sauraro. Da eriya ta ƙarfe wadda kowane mai walda zai lanƙwasa, da 'yar na'urar rediyo da ake soka wa kwamfuta, ana iya kama saƙon taurarin da ke giftawa ta kanmu kullum. Ƙungiyar SatNOGS ma ta baza tsarin irin wannan tasha kyauta ga mai so.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, wadda ba ta rasa kuɗin liyafar ban kwana, da ta ware wani abu a kasafin bana domin kafa tashar sauraro a rufin Tsangayar Injiniya, mabuɗinta kuma ya zauna a hannun ɗalibai.