Kada Lambar Jikin Kwali Ta Cinye Maka Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar gem ta tebur, akwai wuri ɗaya da nake ganin ana asara ba gaira ba dalili, wato wajen sayen SSD. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya nemi SSD mai ɗaukar kaya da yawa daga kamfanin da aka sani, ya bar mai gudun tsiya ga masu hali. Abin da ya rage a aljihu ya ƙara wa katin hoto.

Ga wanda bai saba ba, SSD ita ce ma'ajiyar da Windows da gem da sauran fayiloli suke zama ko an kashe kwamfuta. Tsohuwar ma'ajiya, HDD, faifai ne ke juyawa a cikinta kamar garmaho. SSD babu abin da ke motsi a cikinta, 'yar'uwar filasha ce, shi ya sa ta fi sauri nesa ba kusa ba.

HDD takan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD irin ta SATA tana kaiwa kusan 550. Irin ta NVMe kuma hawa-hawa ce: ta PCIe 3.0 kusan 3,500, ta 4.0 kusan 7,000, ta 5.0 har ta wuce 10,000. Wannan lambar ce ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ita ce kuma mai shago zai fara nuna maka. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai gudun kwafar ƙaton fayil guda ne. Gem ba haka yake aiki ba. Ƙananan fayiloli yake tsinta nan da can, sannan ya jira furosesa ta warware su. Daga HDD zuwa SSD ta SATA kowa zai ga bambanci da idonsa. Daga SATA zuwa NVMe, a yawancin gem, 'yan daƙiƙoƙi ne a lokacin buɗewa. Daga 3,500 zuwa 7,000 kuwa, sai ka riƙe agogo kafin ka gane.

Kuma a sani, SSD ba ta ƙara yawan hotunan da ke wucewa a allo cikin daƙiƙa. Idan ɗan wasanka yana tafiya yana tsayawa a tsakiyar fili, galibi katin hoto ne ya gaza, ko furosesa, ko RAM ta yi kaɗan. Wanda ya rage kuɗin katin hoto ya sayi SSD mai tsada, gem ɗinsa zai buɗe da wuri, sannan ya ci gaba da sarƙewa yadda ya saba.

Inda ya kamata a sa ido shi ne girma. Windows 11 kaɗai tana neman gigabait 64. EA Sports FC 24, da masu son ƙwallo a cikinmu suka sani, yana neman 100. Red Dead Redemption 2 yana neman 150. To ka ce mai gigabait 256 ka saya, ina za ka zuba su? Ga shi kuma abin da aka rubuta ba shi za ka gani ba: mai 500 takan nuna kusan 465, mai terabait 1 kusan 931. Sannan SSD ba ta son a cika ta maƙil, tana yin nauyi idan ta kusa cika. A wurina 500 shi ne mafi ƙaranci, terabait 1 kuma shi ne daidai. Da NVMe mai 256 gara SATA mai terabait 1, ko da abokai za su yi maka dariya.

Wani zai ce gara a sayi mafi sauri sau ɗaya saboda gem ɗin gobe. Akwai ƙamshin gaskiya, domin gem irin su Starfield na 2023 sun wajabta SSD. Amma SSD suka ce, ba su ce sai ta PCIe 5.0 ba. Kuma da yawanmu a kan modabod na hannu muke gini. Idan raminta na PCIe 3.0 ne, ko ka sa ta 4.0 da gudun 3.0 za ta yi aiki. Wata tsohuwar ma ba ta da ramin M.2 sam, wata kuma tana da shi amma iri ɗaya yake karɓa, ko SATA ko NVMe. A duba lambar modabod a intanet kafin a fita daga gida. Idan tana karɓar NVMe kuma farashin ya yi kusa da na SATA, a ɗauki NVMe.

Malamai, na san wani zai ce wannan duk hidimar ɓata lokaci ce. Kwamfutar nan dai ita za a yi atisayen jarrabawar JAMB da ita, a cikinta kuma aikin aji zai zauna, don haka mutuwar ma'ajiyarta ba asarar gem kaɗai ba ce.

Shi ya sa batun ta hannu da ta jabu ya fi damuna. SSD tana da iyakar rubutun da za ta iya ɗauka, ana kiransa TBW. Samsung 870 EVO mai 500, misali, an ƙayyade mata terabait 300. Ta hannu ba ka san nawa aka ci a ciki ba sai ka duba. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki da yawan rubutun da aka yi mata. H2testw kuma tana tona asirin wadda aka rubuta wa terabait 1 alhali cikinta bai kai haka ba. Ka nemi a jona ta a gwada a gabanka, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta. Idan mai shago ya ƙi, ka ce masa za ka zagayo.