Idan Allon Karatu Ya Fashe, Wanne Za A Saya?

Na ga ya dace in yi amfani da wannan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da yake taɓa aljihunmu da karatunmu baki ɗaya, wato sayen sabuwar tabulet bayan tsohuwar ta fashe. Wasu na ce mata kwamfutar hannu, ni kuwa na fi son in kira ta allo, domin siffarta ke nan, aikinta kuma ke nan. Ko gwamnatin Jihar Osun da ta raba wa ɗaliban sakandare irin wannan na'ura a shekarar 2013, sunan da ta raɗa mata da Yarabanci shi ne Opon Imo, ma'ana allon ilimi.

Kowa ya san halin da ake ciki. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Tun da yake galibin waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, kuɗin da ya saya wa mutum allo mai kyau shekarun baya yanzu ba zai kai shi ko'ina ba. Saboda haka ɗalibin da allonsa ya fashe yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya ruga ya sayi mafi arha da ya gani, ko kuwa ya ci bashi ya sayi babban suna na hannu don a san da shi. Ra'ayina shi ne duka biyun asara ce. Abin da ya dace da ɗalibin harshe shi ne sabon allo matsakaici, na kamfanin da aka sani, mai garanti, wanda aka zaɓa saboda aikin da zai yi.

Kafin maganar saye ma, a fara tambayar mai gyara. Fuskar allo hawa-hawa ce: akwai gilashin sama mai jin taɓawa, akwai kuma ta ciki mai nuna hoto. Idan gilashin ne kawai ya tsage, hoto na fita, ana taɓawa yana amsawa, to sau da yawa gyara ya fi saye sauƙi. Amma idan baƙin tabo ya bazu kamar an zubar da tawada, ta ciki ce ta mutu. A nan sai a yi lissafi. Ma'aunin da nake bi shi ne, idan kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, allon kuma ya haura shekara huɗu, batirinsa ya soma gajiya, to a haƙura da shi. Amma kada a yar da shi sai an kwashe abin da ke ciki, domin fuska ce ta mutu, ma'ajiyar tana nan da ranta.

To, mene ne aikin allo a hannun mai nazarin Hausa? Na farko karatu ne. Littattafan da muke dogara da su manya ne. Ƙamusun Bargery na 1934 ya haura shafi dubu, haka nan littafin nahawun Hausa na Paul Newman da ya fito a 2000 ba ƙaramin kundi ba ne. Ga na Abraham na 1949, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A jami'o'inmu na kudu kwafin irin waɗannan littattafai ba su da yawa, ba kuma a samun su a shagunan littattafai na kusa kamar yadda ɗalibin Kano ko Zariya zai samu. Wanda ya taɓa karanta shafi mai layi biyu na ƙananan haruffa a fuskar waya ya san wahalar da ido ke sha. Don haka girman fuska ba ado ba ne. Inci 10 ko 11 shi ne daidai, inci 8 kuwa sai dai a yi maneji.

Na biyu rubutu ne, kuma nan ne bukatarmu ta bambanta da ta sauran ɗalibai. Mai karatun tattalin arziki bai damu da ƙugiya ba, mu kuwa ita ce rayuwarmu. Baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Kasa daban, ƙasa daban. Sannan a darasin tsarin sauti muna bukatar alamun karin sauti da na tsawon wasali. Manhajar Gboard tana da madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ, amma sai allon yana iya sauke ta, kuma tsofaffin na'urori wani lokaci akwati suke nunawa a gurbin harafin. Ga wani tarko da ba kowa ya sani ba: allunan Amazon Fire suna da arha, amma ba sa zuwa da rumbun manhajoji na Google. Haka ma allunan Huawei da aka fitar bayan takunkumin da Amurka ta sanya wa kamfanin a 2019. Akwai dabarun shigar da manhajojin, amma ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ba ya bukatar ƙarin aiki. Shawarata ita ce, tun a cikin shago a buɗe wurin rubutu a rubuta "ɗan ƙaramin ɓera". In ya fita daidai, a ci gaba da ciniki.

Na uku ɗaukar murya. Duk wanda zai rubuta kundin kammala digiri a kan Hausar mazauna Agege ko Idi-Araba a Legas, ko ta Sabo a Ibadan, sai ya yi hira da mutane ya naɗi maganarsu. Sauti da hoton bidiyo suna cin wuri. Kada a sayi abin da ma'ajiyarsa ta gaza giga 64, kuma a tabbata yana da gurbin katin memori. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, kada ta gaza giga 4. Mai giga 2 zai buɗe ƙamus, amma da an koma wajen rubutu sai ya rufe shi, a dawo a sake neman shafi. Na huɗu batir, wanda ba sai na tsawaita ba, kowa ya san halin wutar ɗakunan kwananmu.

Idan aka auna da wannan ma'auni, za a ga akwai alluna matsakaita da suka cika sharuɗɗan. Misali Samsung Galaxy Tab A9+ da Redmi Pad SE, waɗanda duka suka fito a 2023, kowanne inci 11 ne, yana karɓar katin memori, batirinsa kuma ya haura 7,000 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwali. Lenovo na da irinsu, haka ma Tecno da Infinix da itel, waɗanda ke da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan biranen ƙasar nan. Ba talla nake yi wa kowa ba, sababbin samfura ma na ta fitowa. Aji nake nunawa. Wata hanyar rage kuɗi kuma ita ce a sayi wanda ba ya ɗaukar layi. Mai gurbin sim ya fi tsada, alhali wayar da ke aljihunka za ta iya ba shi intanet.

Na san wani zai ce da tsohuwar zuma ake magani, gara iPad na hannu da sabon allo mai araha. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin ƙirar iPad tana da ƙarko, fuskarta kuma tana da daɗin karatu. Amma a duba abu uku. Ba ta da gurbin katin memori, abin da ka saya shi ke nan. Batirin na hannu ya riga ya ci rabin rayuwarsa a hannun wani. Sannan tun 2013 Apple ya sa makulli wanda ke ɗaure na'ura da asusun mai ita na farko, Android ma ya kawo irinsa a 2015. Idan mai ita bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge na'urar ta zama faranti. Wanda ya nace sai na hannu, to ya sa a goge ta a gabansa, ya shigar da asusunsa da hannunsa kafin ya miƙa ko kwabo.

Ɗaya ramin kuma ya fi zurfi. Duk wanda ya zaga Computer Village a Ikeja ya ga alluna marasa asali, cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta lambobi manya-manya, an haɗa da madannai da alƙalami da riga kyauta, farashi kuwa kamar na sadaka. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A irin waɗannan akan samu wanda lambar da ya nuna ba ita ce gaskiyar abin da ke cikinsa ba, kuma idan fuskarsa ta fashe babu inda za a samo madadinta. Wata ƙawarmu a aji ta sayi irinsa, bai kai ƙarshen zango ba ya daina caji, hirarrakin da ta naɗa kuma suka tafi da shi. Kuɗin da ta yi tattali ta sake kashe ninkinsa, ban da komawa wajen dattawan da ta yi hira da su tana ba su haƙuri.

Daga ƙarshe, ga kirana gare mu. Kada a je kasuwa ranar da abin ya fashe, sauri kan haifi nawa. A tambayi farashi a shago uku. A karɓi rasit mai lambar na'ura da takardar garanti. A ware wani abu daga kuɗin don riga mai kauri da gilashin kariya, kuma a sa su tun kafin a bar shagon, domin allon da zai shiga danfo kullum ba a barin sa tsirara. Sannan kowane mako a kwafe aiki zuwa Google Drive ko wani wuri daban. Allo in ya fashe ana sayen wani, amma muryar tsohon da ka yi hira da shi mai yiwuwa ba za ka sake samun ta ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma sa albarka a ɗan abin da iyayenmu ke turo mana. Wassalam.