Dodon Hoto Ba Shara Ba Ne!

'Yan'uwana marubuta, yau da ku nake, kuma ba zan yi rufa-rufa ba.

Kwanakin baya na je ta'aziyyar wani dattijo mai hoto a wajen Ƙofar Dawanau. Na tambayi magada ina dodannin hotunan da Baba ya tara tun zamanin baƙi-da-fari. Babban ɗansa ya ce, "Ai Malam, mun ƙone tarkacen, ɗakin muke so." Innalillahi! Hawan Sallah, fatake da jakunansu, badala tun tana tsaye da ƙafarta, duk sun bi hayaƙi. Ban ga laifin yaron ba. Laifinmu ne, mu da muke kiran kanmu masu adana tarihi.

Wasu cikinmu na cewa zamanin fim ya wuce, waya ta wadatar. To, a yi mana bayani: me ya sa bangon littattafanmu ke cike da hotuna dishi-dishi, waɗanda aka ɗauko daga tsohon kati da waya? Kati kwafi ne kawai, dodo shi ne uwa. Hoton baƙi-da-fari ƙwayoyin azurfa ne a jikin fim, ba rini ba ne irin na mai kala da ke koɗewa. In an wanke shi bisa ƙa'ida, wato ruwan fito da hoto a kan digiri 20, sai na tsayarwa, sai na kafewa, sannan ɗauraya mai kyau, yana iya haura shekara ɗari. Abokan gabansa zafi ne da laima da ƙurar hunturu. In ka ji fim ya soma tsami, to ya fara ruɓewa, sai a yi hanzari.

Ga kuma abin da masu raina dodo ba su sani ba. Ƙaramin fim mai milimita 35, in an yi masa sikanin a kan ɗigo 4,000 a kowane inci, yana ba da ɗigo sama da miliyan 20. Wannan ya isa a buga hoto mai inci 12 da 18 tas, har ka ƙirga zaren rawani.

Ku dubi Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban dodanninsa. Daga cikinsu aka buga manya-manyan hotunan da aka baje a Faris a 1994, duniya ta san Mali da su. Shin Kano ba ta yi masu hoto ba ne? Ta yi, adanawa ce ba mu yi ba.

A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kullum zaizayewa take. Ranar da jikanka zai tambaye ka kamannin Ƙofar Dawanau ta dā, da me za ka nuna masa? Da baki?

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta kafa kwamiti, a bi tsofaffin masu hoto gida-gida, a nemi izininsu, a yi sikanin dodanni, a rubuta suna da wuri da shekara, a kai kwafi Gidan Makama. Tun ran gini, ran zane. Allah Ya sa mu farga.