Ra'ayinmu: Ina Labarin Ɗan Sandan da Zai Bi Sawun Dukiyar Jama'a?

A ƙasashen Turai akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda jaruminsa ɗan sanda ne mai albashi, ba mai takobi ko laya ba. Aikinsa ɗaukar jawabin shaidu, da duba takardu, da haƙurin bin sawu har ya cim ma mai laifi. Ra'ayin wannan mujalla shi ne lokaci ya yi da ɗaliban da ke da baiwar rubutu za su kawo wannan reshe cikin Hausa, su kuma auna shi ga cutar da ta fi addabar talaka, wato wawure dukiyar jama'a da sunan siyasa.

Ba daga sama za a faro ba, domin magabata sun share fage, kuma 'yan ƙasar Katsina ne a kan gaba. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tone asirin masu fasa-ƙwauri da cin hancin da ke ba su kariya, aka kuma buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a wannan shekara. Bayan haka littattafan soyayya suka mamaye kasuwa. Ba mu raina su ba, amma sun bar giɓi.

A ɗauki misalin Kankia da Kusada, biyu daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Manomin da ke waɗannan wurare ba ya buƙatar a fassara masa mene ne kuɗin gwamnati: a wurinsa takin zamani ne, da rijiyar burtsatse, da magani a asibiti, da rufin ajin firamare. Ba mu tuhumar kowa a nan. Abin da muke cewa shi ne marubucin da ya tashi a irin wannan ƙasa yana da kayan aiki a hannunsa. Sai ya ƙirƙiri garinsa da sunan da ya ga dama, ya ajiye sufeto ɗaya da kofur ɗaya a ofishin 'yan sanda, sa'an nan ya kawo musu ƙarar rijiyar da aka biya kuɗinta amma ba a haƙa ba. Wa ya sa hannu a takardar kwangila? Wa ya shaida cewa an gama aiki? Ta hannun wane ma'aji kuɗin suka fita? Wa ya bugo waya daga sama ya ce a rufe fayil? Duk wanda ya karanta irin wannan labari zai fito da sanin yadda ake sata da alƙalami, wanda kuwa ya san hanyar ɓarawo ya san inda zai tsare.

Wannan ilimi ba na nishaɗi ba ne kawai. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To, ko ta wace hanya kuɗin suka biyo, idan jama'a ba su san yadda ake kashe su ba, an gudu ne ba a tsira ba. An kafa ICPC a 2000, aka kafa EFCC a 2003, amma hukuma ba ta maye gurbin idon mutanen gari.

Wani zai ce, ai mutanenmu ba za su yarda da labarin da ɗan sanda ne gwarzonsa ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma amsarta ita ce kada marubuci ya yi ƙarya. A 1961 Liyonardo Shasha na ƙasar Italiya ya wallafa labarin wani kyaftin da ya binciki kisan ɗan kwangila a tsibirin Sisili. Ya gano masu laifi sarai, amma manyan 'yan siyasa suka sa baki, shari'ar ta wargaje. Mai binciken bai yi nasara ba, mai karatu kuwa ya gane abin da ake ɓoye masa. Haka namu sufeton zai kasance: mutum mai iyali da bashi, wanda ake iya yi wa canjin wurin aiki cikin dare, yana tsaye tsakanin gaskiya da tuwon 'ya'yansa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun shari'a da lissafin kuɗi da harshen Hausa, su haɗa kai. Ku je kotu ku zauna ku saurara, ku koyi yadda ake rubuta ƙara da yadda ake ba da beli, ku guji ambaton sunan wanda kotu ba ta kama da laifi ba. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya fara. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.