Zuwa Ga Masu Awon Ciki: Ku Faɗa Mata Abin Da Kuka Gani



Tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, maimakon huɗun da aka saba, zuwan farko kuma ya kasance cikin makonni 12 na farko. Sai dai adadi ba ya kawo mace asibiti. Wadda ta baro girki, ta biya kuɗin adaidaita, ta wuni a benci, aka auna ta, aka yi rubutu a kati aka ce "sai wata mai zuwa", me za ta ce wa maigida in ya tambaya? Lafiya lau. Shi kuwa sai ya ce to a huta hakanan.

Ga shi kuwa duk abin da kuke yi da dalilinsa. Jinin da ya kai 140/90, ga furotin a fitsari, sallamar jijjiga ce, amma ita a wurinta kumburin fuska da ciwon kai laulayi ne, sai in kun ce mata ranar da ta ga haka, ko ido ya yi dishi-dishi, ko jini ya ɓalle, ko ɗa ya rage motsi, kada ta jira ranar awo. Ƙwayar ƙarin jini takan tayar da zuciya ta baƙanta bayan gida. Wadda ba a gaya wa ba, ƙarƙashin katifa za ta tura ta. Haka Fansidar da kuke sa ta haɗiya a gabanku bayan wata uku na farko, wata-wata, aƙalla sau uku: cewa za ta yi ai ba ta zazzaɓi, don ba ta san ƙwayar cutar kan ɓuya a mabiyiya ta rage wa jariri nauyi ba.

Za ku ce layi har waje, ma'aikata biyu, ina lokacin surutu? Gaskiyarku, kuma wannan laifin ba naku ba ne. Amma abin awon jini yana ɗaure a damtsenta kusan minti guda, kuma minti ɗayan nan ya ishi jimla biyu. Laccar safe ba ta wadatar, domin mai cikin fari da kunya ta hana ta ko ambatar cikin ba za ta ɗaga hannu a gaban mata hamsin ba. Masu cewa bayani zai tsorata ta, ko ba za ta gane ba, sun manta ita ce ke kwana da cikin, kuma macen da ke riƙe lissafin adashe a ka ba ranar dawowa ce za ta gagare ta ba.

In ta ce za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, don Allah ku damƙa mata katinta, ku tambaye ta asibitin da ya fi kusa da can.