Yaron da ke Tsoron Ƙarar Babur

Cikin daminar bara, wani bincike kan yadda 'yan gudun hijira ke samun aron gona ya kai ni wani ƙauye tsakanin Bichi da Kunci, irin ƙasar nan ta arewacin Kano da ba a barin ko tafin hannu babu shuka. A bayan wata ƙaramar majami'a na tarar da gida mai ɗaki huɗu, inda ake riƙon yaran Hausawa Kiristoci da 'yan bindiga suka raba da iyayensu a Katsina da Zamfara. Matan Zumunta na majami'ar ke ciyar da su, wata gwauruwa mai kimanin shekara sittin kuma ita ke kwana da su, ba albashi.

Muna cikin gaisawa sai babur ya wuce a bayan danga. Kafin in waiga, wani yaro da bai wuce shekara shida ba ya shige ƙarƙashin rumbu. Na yunƙura zan ɗauko shi, ta tsayar da ni da hannu. Ta jawo kujerarta kusa da rumbun, ta ci gaba da tsinkar zogale, ba ta ce masa uffan ba. "Malam, in ka jawo shi, gobe ma zai shiga," in ji ta. "In yana ganin ƙafata a nan, da kansa zai fito." Ya kai rabin sa'a, sannan ya fito ya jingina da ita.

Abin da matar nan ta gano a gindin rumbu shi ne abin da likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951: ƙaramin yaro na buƙatar mutum guda tsayayye da zai shaƙu da shi. Wani dogon bincike da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000, kan yara 136 na gidajen marayu, ya ƙarfafa wannan. Waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a hannun masu reno na karɓa-karɓa bunƙasar ƙwaƙwalwa da iya shaƙuwa da mutane.

Shi ya sa nake da ja da wata al'ada da ɗalibaina, Musulmi da Kirista, ke ɗauka ƙololuwar alheri. A lokacin hutu matasa kan zo daga birni da biskit da tufafi, su goya yaran, su koya musu waƙa, a ɗauki hoto don Facebook, bayan mako biyu su tafi. Niyyarsu kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma gwauruwar ta ce duk lokacin da baƙin suka tafi, fitsarin kwance kan dawo, wata yarinya kuma ta koma ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma. Yaron da uwarsa ta ɓace dare ɗaya, kowace sabuwar rabuwa fama masa ciwo take yi. Mai mako biyu ya ɗauki fartanya ya yi noman gidan, ya ɗebo ruwa, ya gyara jinka, domin mai kwana da yaran ta samu hutun da zai sa ta daɗe.

Na san batun gidan marayun Kirista a Kano ba ya rabuwa da zargi, kuma zargin yana da tushe: a 2019 aka gano yaran Kano da aka sace aka kai Anambra aka sauya musu suna. A ranar 25 ga Disamba na shekarar, jami'an tsaro suka shiga gidan Du Merci na Farfesa Solomon Tarfa; tsakanin Kano da reshen Kaduna aka kwashe yara 27, aka kai su gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. Kotu ta wanke shi daga tuhumar satar yara a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin jabun takarda a 2023. Shekaru muka yi muna jayayya kan takarda da addini, yaran kuwa suna girma nesa da hannuwan da suka sani.

Bincikar irin waɗannan gidaje wajibi ne. Dokar kare yara da Jihar Kano ta samu a 2023 ta isa madogarar yi wa kowane gida rajista, a rubuta asalin kowane yaro da addinin iyayensa, a nemi danginsa, dagaci ya shaida. Idan kuma kwashe yara ya zama dole, a tafi da mai renonsu tare da su.

Da zan tafi na tambayi gwauruwar wa zai gaje ta. Ta ce akwai wata matashiya da ta fara kwana biyu a mako, amma an sa ranar aurenta bayan kaka, kuma mijin a Zariya yake.