Kafin ka sayi telekonbata, ji abin da ya same ni

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar bukukuwa ce ta sha kaina. Yau zancen kyamara zan yi. Wani ƙanena mai ɗaukar hoto ne ya tare ni a bakin kasuwar shanu yana tambaya: tsakanin telekonbata mai ninki 1.4 da mai ninki 2, wanne zai saya? Na ce masa 1.4, kuma ga dalilina.

Ga wanda bai sani ba, telekonbata ɗan guntun gilashi ne da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da dogon gilashinta, don ya ƙara jawo abin da ke nesa. Sai dai ba a banza yake aikin ba, da haske ake biyansa. Mai 1.4 yana cinye rabin hasken da ke shiga. Mai 2 kuwa kashi uku cikin huɗu yake kwashewa. Idan gilashinka 300mm ne mai f/4, da na farko zai koma 420mm mai f/5.6, da na biyu ya koma 600mm mai f/8. Nikon ma ta taɓa fitar da mai 1.7 a tsakaninsu.

Ni kwaɗayi ne ya kai ni. Da na fara sana'ar nan, na je Kano na sayo mai 2, na ɗaura shi a kan gilashina 70-300mm, wanda a ƙarshensa f/5.6 ne. Ashe na mayar da shi f/11 ban sani ba, alhali yawancin kyamarorin lokacin ba sa iya saita hoto da kansu in an wuce f/5.6. Ranar hawan sallah na tsaya can nesa da ƙofar fadar Sarkin Mubi ina alfahari. Dawakai suna wucewa, kyamara tana ta lalube kamar mai neman allura cikin dare. Wani dattijo abokin mahaifina ya riga ya biya ni kuɗin hoton ɗansa da ya fara hawa a shekarar. Da na duba, doki da yaro duk sun zama inuwa. Na mayar masa da kuɗinsa, amma hawan farko ba ya dawowa. Har yau in mun haɗu a masallaci sai na sunkuyar da kai.

Sannan ga yanayin garinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe duwatsun Mandara, a Maris da Afrilu kuma zafi ya sa iska ta riƙa rawa. Telekonbata ba ya tace komai. Ƙurar da ke tsakaninka da abin ita ma ninka ta yake yi, haka rawar hannunka. Mai 2 sai gilashi mai f/2.8, da abin kafa kyamara, da rana tsaka. Kuma ka lura, na Canon da na Nikon suna da baki mai tsini da ba ya shiga kowane gilashi. Ka tafi da kayanka shago ka gwada kafin ka biya.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi damuna. Iyayenmu da suka zo fatauci daga Kano da Katsina ba daga nesa suka tsaya suna hangen Fali da Gude da Fulani ba. Sallama suka yi, suka zauna, aka san su. Tun abin da ya faru a garin nan a 2014, mutum ba ya sakin jiki in ya ga an auna shi da dogon gilashi daga bayan rumfa, kuma yana da gaskiya. Ka sayi mai 1.4 don dawakai da tsuntsayen bakin kogin Yedzaram. In kuwa hoton mutum kake so, ka taka ka gaishe shi, ka nemi izini. An ce zumunci a ƙafa yake. Ni na ga hoto ma haka.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Allah ya bar mu tare.